Keken Rubutu na Katako

Akwai wata gona a fadamar Zauro, daga bakin tsohuwar hanyar ruwa zuwa gindin wata giginya mai karkata, wadda har yau in na bi ta wurin nakan kau da kai. Ta kakana ce, ta zama ta mahaifina, kuma da ta zama tawa da ta ƙannena. A shekarar da gulbi ya kawo ruwa daidai, takan ba mu shinkafar da za mu ci har wata kaka, a sayar da saura a biya haraji. Gonar nan ita aka ba da jingina don in koyi buga keken rubutu, kuma ni na sa aka bayar. Ban buɗe baki na ce a bayar ba. Abin da na faɗa ya fi wannan muni, zan kuwa zo kansa.

Tun ina ƙarami ni mutum ne mai yawan saƙe-saƙe. In aka aike ni da kwabo uku sai na ƙirga su a ƙofar gida, in ƙirga a hanya, in sake ƙirgawa gaban mai kaya. In na yi alwala sai in yi ta kokwanto ko na wanke gwiwar hannu. Inna takan ce ni da damuwa tagwaye ne, damuwar ce ma ta riga ni fitowa. Na yi elementare a Birnin Kebbi lokacin Turawa, na gama aji huɗu, rubutuna mai kyau, lissafina ba laifi. Amma da aka zo zaɓen waɗanda za su wuce Midil ba a ɗauke ni ba. Na koma Zauro na yi shekara guda ina bin Baba gona, ina rubuta wa mutane wasiƙa a ba ni goro ko albasa. Baba bai taɓa cewa komai ba, amma na san abin yana cinsa. An karɓe masa ɗa shekara huɗu, an dawo masa da shi bai zama malamin ofis ba, bai kuma iya riƙon fartanya kamar tsaransa ba.

Wata ranar kasuwa a Birnin Kebbi muka tarar da mutane sun yi da'ira gindin wani durumi. Wani mutum ne da fararen kaya da agogo a hannu, ya kafa tebur, a kai ga keken rubutu yana ƙyalli. Hausarsa ba irin tamu ba ce, ta gabas ce, a miƙe. Ya ce ya yi shekaru yana akawu a wani kamfani, yanzu ya buɗe makaranta tasa ta kansa a unguwar Nasarawa, karatun shekara biyu kacal, duk wanda ya gama zai fita da takardar shaida ya zama akawu mai albashi. Tare da shi akwai wani saurayi ɗan Augie, ɗalibinsa. Aka ɗaure wa saurayin ido da rawani, aka aza masa wani allo a cinya mai zanen haruffa jeri-jeri. In mai makarantar ya kira harafi, kafin ya rufe baki yatsan saurayin ya sauka a kansa. Mutane suna ta salati. Daga nan ya tambayi Baba sunansa, ya zura takarda a keken, ya buga, ya zare ya miƙa masa. Na karanta wa Baba sunansa da na mahaifinsa a baƙaƙen haruffa irin na takardar haraji. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Aka ce mu zo ranar Litinin a yi mini jarrabawar shiga. Na yi kwana shida ban ci abinci da daɗi ba. Na fiddo tsofaffin littattafaina na maimaita jadawalin sau, na maimaita Turancin da na sani, har ina tambayar kaina a gona ina ba kaina amsa. Ranar ta zo, muka isa da hantsi. Mai makarantar bai ba ni fensir ba. Tambayoyi uku ya yi, duk Baba ya yi wa: ina gonarsa, buhu nawa take bayarwa, kuma tasa ce ko ta aro. Da ya ji amsa sai ya ce yaro ya ci jarrabawa, ga alama ma kansa yana ja. Na ji daɗi ƙwarai. Sai daga baya na gane wanda aka yi wa jarrabawar.

Kuɗin rajista sule goma. Kuɗin karatu kuwa ya ce ba sai an wahala neman tsaba ba, shi mutum ne mai sauƙi, a kawo shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, buhu shida a shekara, da kaka. Baba mutum ne da zai yi rabin yini yana ciniki kan irin albasa na toro, kwabo uku kacal, ya tafi ya dawo, ya rantse ya sake tafiya. Amma a wurin nan bai yi ciniki ba. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya kira mutumin Malam, ya ce ga yaro nan amana. A hanyar komawa na ce masa ai da ya nemi ragi. Ya tsaya ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce ba a ciniki da malami, abin da aka ba malami sadaka ce, albarka ake nema, wanda ya yi jayayya da mai koya masa karatu ya zubar da karatun tun bai ɗauka ba. Haka ya tashi ya gani a makarantar allo, haka ya ɗauka kowace makaranta take.

Makarantar gida ce ta haya, zaure da ɗakuna biyu. Ɗaya a nan muke karatu, ɗayan kullum a kulle. Keken rubutu guda ɗaya ne tak, wanda muka gani a kasuwa, yana kan tebur a kusurwa an lulluɓe shi da zane. Mu kuwa kowa aka ba shi allo irin na saurayin nan, sule biyu, wani kafinta ke sassaƙawa, Malam ya zana ƙawanya-ƙawanya da tawada ya rubuta harafi a cikin kowace. Mukan zauna a tabarma layi-layi, allo a cinya, yana kiran haruffa muna amsawa da murya ɗaya muna bugawa, kamar masu tilawa. Wanda ya wuce ta bayan gidan zai zaci makarantar Alƙur'ani ce, sai dai ƙarar yatsu a katako kamar ruwan farko a kan bunu. Da rana a yi Turancin wasiƙa, a haddace buɗewa da rufewa, sannan lissafin kanti. Wannan kam na amfana da shi kaɗan, ba zan ci amanarsa ba.

Hawa keken na gaske ranar Alhamis ne, kuma da kuɗinsa daban, toro ɗaya na ɗan lokacin da bai kai a ci tuwo ba. Ko an biya ma, ba a sa takarda, ba a sa ƙyallen tawada. Malam ya ce ƙyallen daga Ikko ake kawo shi, ba na wasan yara ba ne. Mutum ya zauna ya yi ta buga iska, shi yana tsaye a kansa, hannunsa ɗaya a kan keken yana tura abin da ke buƙatar turawa. A shekara biyu sau uku na hau. Ba don ba na so ba. Duk lokacin da na yi niyyar tambayar Baba toro sai in tuna buhu shida, da kuɗin alli, da kuɗin tabarma, da kuɗin jarrabawar zango, waɗanda ba a faɗa mana a kasuwa ba amma kowane wata sai wani ya ɓullo. Sai in ce wa kaina ai allon ma ya isa, tunda Malam ya ce allo da keke duk ɗaya ne, ƙarfe ne kawai bambancin.

Na ba allon nan raina. Ina zaune a zauren wani ɗan'uwan Inna, da na idar da sallar asuba sai in ɗauko shi. Kafin wata shida babu wanda ya kama ƙafata. Ƙawanyoyin da ke layin tsakiya har suka goge, suka yi rami don yawan bugu. Malam ya naɗa ni monita, ya ba ni littafin kiran suna.

Littafin nan shi ya fara hana ni sukuni, domin ni ba na iya ganin lamba in ƙyale ta. Mu talatin da ɗaya muka fara. Kafin damina ta faɗi mun koma ashirin da biyu, kafin kaka ta zagayo goma sha bakwai. Wanda ya tafi ba a mayar masa da ko tiya ɗaya. Na kuma ga abin da ke cikin ɗakin da ake kullewa. Shinkafar iyayenmu ce, jibge har rufi. An karɓe ta da kaka, lokacin da buhu ba ya da daraja, a lissafa ta a kan farashin ranar. Da bazara, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sai fatake su zo da jakuna su kwashe a kan ninki. Ban ce haramun ya yi ba, ciniki ne, kowa yana yi. Amma Baba sadaka ya ɗauka yana bayarwa, mutumin kuwa saye yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda suka riga mu. Su ne rukunin farko, sun gama daidai lokacin da muka cika shekara. Aka yi musu walima da shinkafa da kifi, aka ba kowa takarda mai jan hatimi da zanen fure a gefe, bayan ya biya sule biyar na takardar. Su tara ne. Ban iya haƙuri ba, na riƙa bin labarinsu ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a bayan littafina. Biyu sun koma kamun kifi a gulbi. Ɗaya yana rubuta wa mutane ƙara a ƙofar alƙali, da alƙalami, aikin da nake yi a Zauro ban biya kowa ba. Sauran sun koma gona. Saurayin nan ɗan Augie, wanda aka ɗaure wa ido a kasuwa, na gan shi a tashar mota yana ɗora buhunan albasa a lori. Na gaishe shi, na tambaye shi labarin aiki. Ya yi dariya ya ce ai ga shi yana yi. Ya ce in gaida allo.

Shekarar nan ruwa ya yi yawa, ya kwanta a kan shinkafa ya daɗe. Abin da muka samu bai wuce na ci ba. Malam ya aiko cewa tunda babu shanshera, a kawo tsaba, fam shida, kafin a koma. Akwai wani attajiri a Nasarawa mai karɓar gonaki jingina. Sharaɗinsa sananne ne: ya ba da kuɗi, ya noma gonar ya ci amfaninta, in kaka uku ta wuce ba a fanshe ba, ya ƙara ɗan abin da dattawa suka yanke, gona ta zama tasa.

Ina hutu a gida. Muna bakin gonar da la'asar, ni da Baba, muna gyaran kunya inda ruwa ya cinye. Ya dogara da fartanya, bai dube ni ba, yana kallon giginyar nan.

Ya ce, "Kai, ni ban san boko ba. Kai ka gani da idonka. Karatun ga shina shiga?"

Na ci gaba da gyaran kunyar.

Ya ce, "In babu komi ciki, hwaɗa mani yanzu, mu haƙura da abin da munka zuba. In akwai, gobe in tahi in ba da gonag ga. Kaka ukku ce. In ka samu aiki, albashin wata huɗu ya hwanshe ta."

Duk abin da na rubuta a bayan littafina yana bakina. Sunayen mutum tara, da ɗakin shinkafa, da keken da ba a sa masa takarda. Amma sai na shiga lissafi irin nawa. In na faɗa, na ci naman malamina a gaban mahaifina, shi da ya ce mini yin haka yana zubar da albarka. In na faɗa, buhu shida na bara sun tafi a banza, kuma ni na cinye su. In na faɗa, zan koma bin fartanya, mutanen Zauro su ce an sake dawo da shi. Kuma wata zuciyar tana ce mini waɗancan tara ragwaye ne, ba su goge allonsu kamar yadda na goge nawa ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba. Ni na ɗaya a aji."

Ba ƙarya na yi ba. Na sha gaya wa kaina haka shekara da shekaru, cewa ko gaban alƙali aka je ba za a kama ni da ƙarya ba. Ya ce madalla, ya ci gaba da jan ƙasa. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Nasarawa da shaidu biyu.

A shekara ta biyu ni na gaji ɗan Augie. Ni ake ɗaure wa ido. Malam ya rage mini sule biyu a zango, muka riƙa bin kasuwanni, Argungu, Augie, har ƙauyukan bakin gulbi. Ina zaune cikin duhun rawani, ina jin salatin mutane, ina jin muryar iyaye suna tambayar nawa ne. A Argungu wani masunci, dattijo mai faɗin kafaɗa, ya kama hannuna bayan an kwance mini ido, ya juya yatsuna yana dubawa kamar zai ga inda asirin yake. Ya ce yana da ɗa kamar ni. Wata biyu bayan haka ɗan ya zo, na rubuta sunansa a littafi da hannuna. A bakinsa na ji uban ya sayar da ƙaramin jirginsa.

Muka gama mu goma sha ɗaya. Aka yi walima, na biya sule biyar, aka ba ni takardata, an rubuta ni na ɗaya. Ban jira ba. Na ji labari wani kamfanin Turawa mai sayen amfanin gona a Argungu yana neman ƙaramin akawu. Inna ta wanke mini riga ta sa mata bula, Baba ya ba ni kuɗin mota, na sa takardar tsakanin kwali biyu don kada ta lanƙwashe.

Babban akawun wurin wani dattijo ne mai tabarau, fensir a bayan kunne. Ya karɓi takardar da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama, ya ce an yi mata ado kamar ɗakin amarya. Masu awo da ke bakin ƙofa suka yi dariya. Ya ce ni ne na huɗu da ya zo masa da irinta, amma tunda na biya mota na zo, ba zai kore ni ban gwada ba. Ya nuna mini keke, ya ba ni wasiƙa mai layi takwas in kwafa, da farar takarda biyu, da wata baƙar takarda mai laushi da ake sawa a tsakani don rubutu ya fito sau biyu.

Ban taɓa riƙe irinta ba. Na sa ta a juye. Ban san ta inda ake zura takarda ba, sai da ya miƙo hannu ya murɗa mini. Na aza yatsuna, suka sami wurarensu ba tare da na duba ba, zuciyata ta ɗan kwanta. Na fara bugawa da saurin da na saba. Katako ba ya neman ƙarfi, taɓawa kawai yake so. Ƙarfe kuwa sai an danna shi ya nutse. Rabin haruffan ba su fito ba. Da na ƙara ƙarfi ban rage sauri ba, sai sandunan haruffan suka taso uku-uku suka sarƙe a gaban takarda kamar ƙahonnin raguna. Na ɓamɓare su, yatsuna suka yi baƙi, na shafa wa takardar. Na ci gaba. Can sai wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara a cikin keken, na zabura na janye hannu, na zaci na karya wani abu. Ashe alama ce layi ya ƙare, a tura kan keken a koma farko. Wannan shi ne abin da Malam yake turawa da hannunsa bai taɓa ce mana ga dalili ba. Ni kuwa na ci gaba da bugawa a wuri ɗaya, harafi kan harafi, har takardar ta huje.

Babban akawu ya dafa kafaɗata ya ce ya isa. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya zare takardar ya duba ramin, ya ce, "Samari, yatsunka sun yi hadda, amma ba su taɓa aiki ba. Wa ya karɓi kuɗin ubanka?" Ya ce da zan sami wata shida a kan keke na gaske da na fi shi, amma shi ma'aikaci yake nema ba ɗalibi ba.

Na fito ina neman inda zan wanke hannu, sai ga masuncin nan a bakin tasha. Ya gane ni tun daga nesa. Ya riƙa kirana malam akawu, ya saya mini fura, ya kunce ƙunshin busasshen kifi ya ce in kai wa ɗansa rabi in ci rabi. Ya ce kaka mai zuwa zai sayar da tarunsa na kamun kifi ya biya shekara ta biyu. Na dubi baƙin da ke yatsuna. Abin da na kasa gaya wa mahaifina a bakin gona, na gaya wa wannan mutum a tsaye, duka, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ɗaure ƙunshin kifinsa a hankali.

Ya ce, "Kai ka samu taka takarda, shi ne ba ka son ɗana shi samu tashi? Yaron da ka zagin malaminai, ina shi ka ganin daidai?"

Ya tafi da kifinsa. Na sha tunanin maganar nan. Wani lokaci nakan ce to, ga shi, ko da na faɗa wa Baba, wataƙila haka zai ce. Amma ban yarda da wannan sassauci ba. Masuncin bai tambaye ni ba. Baba kuwa ya tambaye ni, ya kuma ce in faɗa masa.

Kafin in wuce Zauro na biya ta makaranta. A mota na shirya maganganu masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Da na isa zauren sai na ga ƙafata ta tuɓe takalmi da kanta, na durƙusa na gaishe shi. Na ba shi labarin abin da ya faru. Ya girgiza kai ya ce ai laifina ne da ban riƙa hawa keke ranar Alhamis ba, toro nawa ne. Ya ce amma kada in damu, yana shirin buɗe shekara ta uku, ta manyan ɗalibai, a kan keke zalla da takarda da tawada, fam huɗu, ni kuma zai yi mini ragi saboda ni nasa ne. A ɗakin karatu ina jin sababbi suna rera layin tsakiya. Na yi masa godiya. Wallahi na yi masa godiya, na ce Allah ya ƙara girma, na sa takalmina na fita.

Na gaya wa Baba ban sami aikin ba. Ban gaya masa na san haka za ta faru tun ranar da ya tambaye ni ba. Ya ce Malam ya yi nasa, rabo ne bai zo ba, kada in kuskura in riƙe shi a zuciya. Ya karɓi takardar mai jan hatimi ya sa ta cikin gafakar da yake ajiye Alƙur'aninsa, tare da 'yar takardar nan da aka buga masa sunansa a kasuwa.

Saura kaka biyu a lokacin. Na nemi aiki ko'ina. Na rubuta wasiƙu, na yi wa wani mai sayen albasa lissafi, na bi masu awon shinkafa ina rubuta buhu da fensir. Ina tara kwabo a cikin gwangwani ina ƙirgawa safe da yamma, kamar ƙirgar za ta sa su haihu. Shekara ta farko haraji ya cinye. Ta biyu Inna ta yi ciwo. Ranar da wa'adi ya cika ina da fam biyu da sule bakwai. Attajirin ya zo da shaidunsa, mutum mai fara'a, bai ɗaga murya ba, bai zalunce mu da ko taƙi ɗaya ba bisa abin da aka yi alkawari. Dattawa suka yanke abin da zai ƙara, ya ƙirga ya ba Baba, aka yi fatiha.

Damina ta gaba Baba ya koma gonar nan ɗan ƙodago. Ya ce ya fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya a cikinta, gara shi da wani ya ɓata ta. Shekara bakwai yana noma ta ana biyansa da yini, har ƙarfinsa ya ƙare. Duk shekara in an yi girbi sai ya ware tiya biyu daga ɗan abin da ya samu ya ce in kai wa Malam, kada a ce mun manta alheri. Shekara biyu ina karɓa in kai wa wata tsohuwa makauniya a Nasarawa in dawo in ce Malam ya gode. A ta uku makarantar ta tashi, aka ce an koma da ita wani gari can yamma, da keken da zanen lulluɓinsa. Baba ya ce Allah sarki, garinmu bai iya riƙe mutanen kirki ba.

Ya rasu bai san abin da na sani ba. Na yi niyyar gaya masa sau da yawa, har ranar da nake riƙe da kansa ina ba shi kunu, sai in ga kamar don in sauke wa kaina kaya ne zan aza masa. Ko wannan ma dabara ce irin tawa ta guje wa magana, ban sani ba.

Daga baya na zauna da aikin malamin awo, da fensir, har na tsufa a kai. Ban sake zama gaban keken rubutu ba. Sai da na yi shekara goma sha tara kafin in tara abin da nake ganin zai sayi gonar. Na je wurin 'ya'yan attajirin, shi ya riga ya rasu. Suka karɓe ni da mutunci, suka kawo ruwa. Babbansu ya ce ai gonar gado ce, ta mahaifinsu ce, ba a sayar da gado. Na ce haka ne, ba a sayarwa.

Allon yana nan a ƙarƙashin gadona, ramukan layin tsakiya sun yi sulɓi. Yatsuna kuwa ba su manta ba. In na zauna shiru sai su kama bugun gwiwata da kansu, jikokina suna zaton tasbihi nake yi. Ƙannena biyu sun ƙare rayuwarsu suna noman gonar aro. Ba wanda ya taɓa tambayata me Baba ya ce mini a bakin gona ran nan da la'asar, ko me na amsa masa, don ba wanda ya san an yi maganar sai ni.